Tseren Kan Tebur a Ƙasar Ingila

Kwanana huɗu da sauka Ingila sanyin Janairu ya ɗaure ni a kujera ɗaya kusa da hita, ba ni da niyyar zuwa ko nan da bakin ƙofa. Garin bai da nisa da Coventry, kuma a irin wannan lokaci na shekara ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Kana idar da la'asar, ka ɗan kishingiɗa, sai a ce maka magariba ta yi. Ɗan yayata, wanda na sauka a gidansa, ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Kawu, yau Talata, ranar kulob ce. Tashi mu je ka ba idonka abinci."

Na ce wane irin kulob kuma da furfurata? 'Yarsa, mai shekara 11, ta riga shi amsawa.

"Kaka, tseren mota za mu. In kana jin tsoro ka zauna ka yi gadin hita."

Tsakanin kaka da jika ba a fushi, amma kuma ba a bari ta kwana. Na ce, "Amarya, ni da na tuƙa mota daga Kano zuwa Legas tun ba a haifi babanki ba? Miƙo min hulata."

Wani tsohon ɗakin ajiyar kaya ne a bayan gari, sai an hau bene. Tun daga matakala nake jin wata ƙara kamar ta taron zuma, ga ƙamshin shayi gauraye da warin man inji. Da muka shiga, tebur na gani, amma tebur da ya cinye ɗakin kaf: titi ne na katako, an shafe shi da fenti ruwan toka, ya miƙe, ya lanƙwashe, ya hau gada ya bi ta ƙarƙashin kansa ya dawo. An ce min tsawonsa ya kai mita 30. Layi huɗu ne a jere, kowanne da launinsa, ja da fari da shuɗi da ruwan ɗorawa. A gefe guda mutum huɗu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa riƙe da wani abu mai kama da ƙaramar bindiga, idanunsu na bin motocin da ba su fi tafin hannu ba. Uku daga cikinsu sun girme ni. Ɗaya ma da sandar dogarawa a jingine a gefensa. Na dubi ɗan yayata, ya kawar da kai yana danne dariya.

Yadda abin yake aiki ba wuya a fahimta. Kowane layi yana da siririn tsagi a tsakiyarsa, an liƙa zirin tagulla dama da hagu, wuta na bi ta ciki, ba ta da yawa, volt 12 ko ɗoriya kaɗan. A ƙarƙashin hancin motar akwai wani ɗan harshe na roba da ke shiga tsagin, da wasu kitsattsun wayoyi guda biyu kamar gashin baki, su ne ke shafar tagullar su kai wuta ga injin. Babu sitiyari. Abin da direba ke da shi kawai shi ne kunamar da ke ƙarƙashin yatsansa: ya matsa mota ta zabura, ya saki ta ja birki da kanta, domin sakin kunamar yana mayar da injin ya zama mai riƙe tayoyi. Girman kowace mota kashi ɗaya ne cikin 32 na ta gaskiya, wato motar da ta kai mita huɗu da rabi a titi, a nan santimita 14 ce. Gwanaye na zagaye teburin cikin daƙiƙa takwas. Na zauna na yi lissafi a bayan ambulan: da motar gaske ce ke wannan gudu gwargwadon girmanta, da ta haura kilomita 400 a awa.

Aka ba ni aron mota da abin riƙon. Na matsa kunama iya ƙarfina, kamar yadda kowane baƙo ke yi, motar ta miƙe kamar kibiya, ta isa kwanar farko, harshen ya fice daga tsagi, ta yi adungure uku ta kwanta da baya. Wani dattijo da ke tsaye a kwanar ya ɗauke ta ya mayar kan layi tun kafin in rufe baki.

"Kaka, a hanyar Legas ɗin ma haka kake shan kwana?"

Ban tanka mata ba. Sai a zagaye na shida na gane cewa duk gwanintar tana wurin sakin yatsa, kuma kowace kwana da inda ake sakar mata.

Dattijon da ya ɗauke min mota shi ne mafi daɗewa a kulob ɗin. Lokacin shan shayi ya buɗe wani akwati ya nuna min wata tsohuwar mota ta gwangwani, ya ce in taɓa a hankali. Daga bakinsa na ji asalin abin a ƙasarsu. Wani mai ƙera kayan wasa, Fred Francis, yana yin ƙananan motoci masu wani irin na agogo da ake kira Scalex, sai kasuwarsu ta fara ja da baya. Ya sa musu injin lantarki, ya yi musu titin roba mai tsagi, ya kai su baje kolin kayan wasa na Harrogate a 1957 da sunan Scalextric. Motocin farko Ferrari ce da Maserati. Shekara guda bayan haka ya sayar da kamfanin, ya bi hannu da hannu har ya faɗo wurin kamfanin Hornby da ke Margate, can bakin teku. Yau Bature ɗan Ingila ko wace irin motar tsagi ya gani Scalextric yake ce mata, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo, alhali a kan teburin nan akwai Carrera ta Jamus, da Ninco ta Sifen, da Slot.it da NSR na Italiya. Da na riƙe motar gwangwanin nan sai na tuna motocin kara da na langa-langa da muka yi muna yara, mu ma har da tsere, sai dai namu alƙalinsa wanda ya fi ƙarfi ne.

Ashe ba tsere ne ya tara su a daren ba, gwaji ne kawai kafin a zauna. Talatar farko ta shekara ranar taro ce, ranar da ake shata kakar wasa. Ƙarfe takwas aka kashe wutar titin, aka jawo kujeru, mutum kamar 20, magatakarda ya buɗe littafinsa, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin madarar shayi. Na gyara zama ina cewa a raina bari in ga yadda manya za su yi taro a kan kayan wasan yara ba tare da wani ya fashe da dariya ba. Babu wanda ya yi dariya. Ni ma can sai na tsinci kaina na miƙa wuya ina saurare.

Da kalanda aka fara. An manna babbar takardar shekara a bango, aka soma da cire ranakun da ba za a yi ba: makonni biyu na Kirsimeti, da watan Agusta kusan gaba ɗaya saboda hutun makaranta, lokacin da iyalai ke watsewa. Aka yi alama a watan Mayu, lokacin bikin motocin tsagi da ake yi a gidan tarihin motoci na Gaydon, wanda ba shi da nisa da su, kowa na son zuwa ya sayo kayan gyara. Talatun da suka rage aka raba su tsakanin rukunai biyar, suna zagayowa bi da bi. Akwai rukunin motocin tseren Le Mans na shekarun 1980, irin su Porsche 956 da ta ci wannan tsere sau huɗu a jere daga 1982. Akwai na motocin gida da ake tsere da su a Birtaniya, da na tsofaffin motoci masu buɗaɗɗun tayoyi, da na zamani. Na biyar shi ne na 'yan koyo da yara, wanda sharaɗinsa mota ta hau titi yadda ta fito daga kwali. A watan Yuni, daidai da lokacin da ake tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, suna yin nasu na awa shida ranar Asabar, ƙungiya ƙungiya, har da kashe fitilun ɗaki na wani lokaci a ce dare ya yi, motoci su yi ta yawo da 'yan fitilunsu.

Wata mata mai aikin jinya ta ɗaga hannu ta ce aikin dare na hana ta zuwa wasu Talatun, bara ta rasa matsayi ba don an fi ta gudu ba. Nan take aka amince: cikin zagaye takwas na kowane rukuni, shida mafi kyau za a ƙirga wa mutum, a zubar da biyu. Sai batun maki. Wani saurayi ya kawo shawarar a ɗauki tsarin Formula One, inda tun 2010 na ɗaya ke samun 25, na biyu 18, na uku 15. Magatakarda ya ce sun taɓa gwadawa, kafin Satumba an riga an san mai kofi, rabin mutane suka daina zuwa. Aka bar shi yadda yake, tazarar maki ɗaya tak tsakanin kowane matsayi da na bayansa, kuma duk wanda ya zo ya yi tsere yana da rabonsa ko da shi ne kurar baya. Wannan duka bai ɗauki rabin awa ba.

Inda aka daɗe shi ne dokokin gyaran mota, kuma nan ne na fahimci abin da ke riƙe da kulob ɗin.

Mota 'yar wannan, abin da za a iya yi mata ya fi ƙarfin lissafi. Injin da ke zuwa da Scalextric ta kanti yana juyawa kamar sau 18,000 a minti, amma da 'yan fam kaɗan za ka sayo wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Akwai giya: ƙaramar mai haƙora 9 tana juya babbar mai 27, inji ya juya uku taya ta juya ɗaya, ka canja haƙori ɗaya ka canja halin motar, ko ta fi zabura daga kwana ko ta fi gudu a miƙaƙƙen layi. Ana liƙe tayoyin baya da gam a jikin ƙafarsu, a goge su a kan samfefa har su zama da'ira sak. Tayoyin gaba kuwa so ake su yi santsi, har jan farce na mata ake shafa musu don kada su kama titi. Ana sassauta sukurorin da suka haɗa bodi da shasi, rabin juyi, don bodin ya riƙa ɗan rawa ya shanye girgiza. Ana manna 'yar darma a ciki, gaba ko baya, gram biyu ko uku. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage wani ɗan ɓurɓushin daƙiƙa, kuma a tseren minti uku ɓurɓushin nan ne ke taruwa ya zama zagaye guda.

Maganaɗisu ba ya cikin gardamar. A titin roba na gida, mai zirin ƙarfe, maganaɗisun da ke cikin motar yana manne ta da ƙasa, yaro ya danne kunama ya yi ta gudu. Su kuwa da gangan suka yi titinsu da katako da tagulla, abin da mayen ƙarfe ba ya kamawa, domin bayan motar ya riƙa zamewa a kwana, a ga hannun direba. Taya ce ta ta da ƙura. Wani yana son a halatta tayar silikon saboda ba ta saurin cinyewa. Suka yi masa caa. Bayaninsu shi ne tayar roba tana barin wani ɗan shafi a kan titi wanda ke ƙara wa kowa kamu, silikon kuwa tana kwashe shi, mutum ɗaya ya ji daɗi ya ɓata wa uku. Dattijon nan ya tashi ya kai ni bakin wata kwana ya ce in duba: ga baƙin zane nan biyu a kowane layi, sawun tayoyi na shekara da shekaru, suna tattalinsa kamar yadda manomi ke tattalin taki. Aka kaɗa ƙuri'a, silikon ta sha ƙasa. Shafa wa taya mai ko wani sinadari haramun ne tun da can. Abin da aka yarda da shi kawai a mirgina ta a kan salatif a cire ƙura.

Sai wani mutum da ya yi shiru tun farkon zama ya nemi magana. Ɗan yayata ya raɗa min cewa shi ne ya ɗauki kofin rukunin Le Mans shekara uku a jere, injiniya ne da ya yi ritaya daga masana'antar motoci, yana da 'yar na'urar gwada inji a gidansa. Mutumin ya ce zai faɗi gaskiya: yakan sayi inji goma iri ɗaya, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi, domin ko daga masana'anta ɗaya suka fito ba sa zama daidai. Bai karya doka ba, amma ba kowa ke da kuɗin inji goma ba, kuma ya lura mutum biyu sun bar rukunin. Shawararsa ita ce kulob ya sayi injinan da kansa, a sa musu lamba, a zuba lambobin a hula, kowa ya zara a daren tsere, in an gama a mayar.

Na jira in ji inda zai karkata maganar ta dawo masa da riba. Ba ta dawo ba. Wani ya tsokane shi cewa to in ya zari gurgun inji fa? Ya ce sai a ga ko shi ne gwanin ko aljihunsa. Ma'aji ya yi lissafin abin da za a ƙara a kuɗin wata, aka ɗaga hannu, mutum biyu kawai suka ƙi, su ma saboda wahalar kwance inji da ɗaurawa kowane dare, sai aka daidaita a kan a zara sau ɗaya a riƙe har zagaye huɗu. Na sha zama a tarukan ƙungiyoyi, na unguwa da na sana'a, kuma na san yadda mai rinjaye ke kare abin da ya ba shi rinjaye, da murmushi ko da ɗaga murya. Wannan mutum kuwa da hannunsa ya miƙa wuƙar. Ba na ce waliyyi ne ba. Ina jin ya gano cewa kofin da ka ɗauka a ɗakin da kowa ya watse bai wuce kwanon sha ba, yana son abokan karawa fiye da yadda yake son kofi na huɗu. Amma ko wannan ganowar ba kowa Allah ke ba wa ba.

Duk abin da aka zartar magatakarda ya rubuta, kuma dokokin kowane rukuni ba su wuce shafi ɗaya ba. Ƙa'idarsu ta ƙarshe ce ta fi burge ni saboda yadda ta toshe ƙofar wayo: duk gyaran da takardar ba ta ambata an yarda da shi ba, to an hana. Ba kuma a taɓa doka a tsakiyar kaka, komai ƙorafi, sai Janairu mai zuwa.

Talatar da ta biyo ni na fara sa takalmi. Zagayen farko ne na rukunin 'yan koyo, amaryata na ciki. Kafin a kunna wuta kowa ya kai motarsa wani ɗan tebur a lungu, inda wata dattijuwa ke zaune da tabarau a kan hanci, ga sikelin awon gram, ga wani ƙarfe mai baki da ake zura mota a ciki a ga ko faɗinta ya wuce ƙa'ida, ga wani siririn faranti da ake turawa ƙarƙashinta a tabbatar cikinta bai kusa taɓa titi ba. Ko jami'an duba lafiyar mota na kan hanya ba su kai ta bin diddigi ba. Ta juya kowace mota, ta leƙa inji, ta shinshina tayoyi. Wadda ta wuce sai a ajiye ta a wani tire, mai ita ba zai ƙara taɓa ta ba sai an kira shi. Motar shugaban kulob, wadda ya kawo wa jikansa, ta gaza nauyi da gram ɗaya. Ta miƙa masa abarsa ba ta ko ɗaga kai ba. Ya koma ya manna 'yar darma, ya sake bin layi a bayan yara.

Tsarin tseren ma an yi shi ne don kada wani ya ce layi ne ya cuce shi. Layin ciki gajere ne amma kwanarsa ta fi tsanani, na waje ya fi tsawo amma ya fi sauƙin sha, don haka kowa sai ya yi minti uku a kowane layi, a manna wa motarsa 'yar takarda mai launin layin da take kai, kwamfuta na ƙirga zagaye, a ƙarshe a haɗa jimla. Wanda kuma ya sauka daga tuƙi ba zama zai yi ba, kwana zai je ya tsare, ya riƙa ɗaga motocin waɗanda suka ɗaga tasa ɗazu. Ba a yi wa mai tsaron kwana tsawa. An ce wanda ya yi, ana rage masa zagaye.

Da yake hannu bai isa ba, aka roƙe ni in tsare kwanar da ke ƙarƙashin gada. Na tsaya na tattare hannun riga. Minti ɗaya shiru, sai ga motoci biyu sun taho tare, suka goga juna, suka watse a gabana. Na cafke su da sauri na mayar, ina jin kaina gwani. Sai na ga wani yaro yana matsa kunama motarsa ba ta tafiya yadda yake so, jikata kuma ta saki tata amma motarta na ta sheƙa gudu. Na sa mai jar takarda a shuɗin layi, mai shuɗiya a ja. Kowannensu motar ɗan'uwansa yake tuƙawa. Aka tsayar da wuta, ɗakin ya kece da dariya, har dattijuwar sikeli sai da ta cire tabarau ta share ido. Jikata ba ta ce uffan ba, doka ta hana. Ta dai dube ni, ta dubi silin.

Ta zo ta huɗu cikin tara. A mota muna komawa, takardar kalandar kaka na kan cinyarta, ta riga ta zagaye ranakun rukuninta da jan biro, ta juyo.

"Kaka, zagaye biyu ake zubarwa. Na yau na zubar saboda kai. Saura ɗaya, don haka mako biyar masu zuwa ka riga ka koma Kano ko?"

Na ce tikitina na ranar Lahadi ne.

"To Alhamdu lillahi," in ji ta, ta ninke takardar ta sa a aljihu.